Daga Birmingham: Matashin Allura da Audugar Rimi

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya yara, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata lafiya. Mu ma nan lafiya lau muke, sai sanyi da yayyafin da ba ya ɗaukewa.

Kin tambaye ni ko har yanzu ina taɓa allura. Ina taɓawa. A makon jiya ma na gama wani ɗan aiki da ya sa na yi ta tuna ki: ɗan matashin da ake soka allura da fil a jiki, bai fi tafin hannu ba. A gida ba mu damu da irinsa ba, a jikin zare muke soke allura ko a gefen ɗankwali, ko mu jefa a gwangwani. Nan kuwa akwai kafet ko'ina a ɗaki, ga Ummi ta fara rarrafe. Ranar da na tsinci fil dab da gwiwarta, a ranar na yanke ƙyalle.

Bari in fara miki da zare, don a nan ne na sara wa mutanen nan. Zaren surfani na kamfanin DMC na saya, wanda ake yi a garin Mulhouse na Faransa. Kowane ƙulli mita 8 ne, sili shida a haɗe, ki zare biyu ko uku gwargwadon kaurin da kike so. Kowace kala tana da lambarta a jikin takarda, kuma kalolin sun kai wajen 500. Shuɗin da nake ɗinka dagi da shi ya ƙare mini ana tsakiyar aiki, na koma kanti da lambar kawai, aka miƙo mini irinsa sak. Kin tuna wahalar da muka sha lokacin hulunan bikin Sani, muna yawo da guntun zare rumfa-rumfa a Kwari muna karawa da na 'yan kasuwa, aka dawo gida rana ta nuna mana ba iri ɗaya ba ne? Wannan wahalar babu ita a nan. Kuɗinsa fam ɗaya da 'yan kai, kuma babu ciniki, babu “albarka”, babu gyara. Abin da ke rubuce shi za ki biya.

Allura ma haka, ba a sayar da ƙwaya ɗaya sai fakiti, kowacce da lambarta da aikinta, kuma iya girman lamba iya sirantar allura. Ashe garin allurar ma yana kusa da mu. Redditch sunansa, tafiyar jirgin ƙasa ce da ba ta kai awa ɗaya ba. Na je gidan tarihinsu na Forge Mill, tsohuwar ma'aikata ce da ruwa ke juya injinta, ana goge allura a cikinta har 1958. A ƙarni na 19, an ce kashi 90 cikin 100 na allurar duniya daga yankin take fitowa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne masu feƙe tsinin allura a kan dutse: ƙurar ƙarfe da ta dutse suke shaƙa, da yawansu tun suna samari huhu ke kashe su. Tun daga ranar ba na wulaƙanta allura.

Ƙyalle kuwa, Yaya, za ki riƙe baki. Guntayen da tela ke sharewa ya zuba a buhu, ko ya ba yara su yi wa 'yartsana riga, nan ninke su ake yi a ɗaure da kirtani a sa musu kuɗi. Ban saya ba. Na yanki farin ƙyalle daga ragowar shaddar da kika aiko mini na yi fuska, bayan kuma na sa guntun atamfar Hajiya. Na haɗa su fuska da fuska, na bi gefe da ƙananan ɗinki a matse, na bar kafar da yatsu uku za su shiga, na datse kusurwoyi don kada su yi dunƙule, sannan na juyo shi, na tura kowace kusurwa da bayan fensir.

Wurin abin da za a cusa ne na daɗe ina tunani. Wata dattijuwa da muke haɗuwa da ita a zaman ɗinkin da mata ke yi a ɗakin karatun unguwarmu ta zauna ta warware mini. Farar audugar roba ita ce mai arha, amma ba ta da nauyi, kina zare fil matashin ya biyo hannunki. Wasu suna ɗura niƙaƙƙen ɓawon wani ɗan itace da ake kira wolnot, yana ba shi nauyi ya zauna daram, sai dai a kiyaye idan akwai wanda jininsa bai haɗu da dangin gyaɗa ba. Wasu gashin tumaki suke sawa, saboda maiƙon da ke jikinsa yana kare allura daga tsatsa, kuma a ƙasar da danshi ba ya rabuwa da bango wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma wani baƙin gari mai kaushi kamar yashi, da ake ɗurawa a ɗan ƙaramin ƙunshi, a riƙa soka allura tana fitowa fes. Sai ta ce, in kina son na gargajiya mai kyau, ki nemi kafok. Ta buɗe jaka ta nuna mini.

Yaya, audugar rimi ce! Ita dai wadda iska ke kwasowa ta watsa mana a tsakar gida a Zariya idan kwanson ya fashe da rani, wadda Inna ke sa mu tsinta ana ɗura matashin kai. Nan an cire 'ya'yan, an zuba a leda, an manna mata takarda, ana sayar da ita da awon giram, ta fi ta roba tsada nesa ba kusa ba. Na sa hannu na murza ta, santsin nan da ɗan ƙyallinta, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Dattijuwar ta ce a da har rigar ceton masu shiga teku da ita ake ɗurawa, don ba ta shan ruwa. Mu muna da ita a ƙofar gida, sannan muka koma katifar soso da filon roba, masu ɗura katifar rimi suna ta raguwa. Abin yana damuna ƙwarai.

Ta ba ni cikin hannu biyu kyauta. Na fara zuba ɓawon nan a ƙasa don nauyi, na bi da audugar kaɗan-kaɗan, kusurwoyi tukuna sannan tsakiya. Kada a cusa da yawa lokaci guda, gudaji take yi. Sai kin ga kamar ya cika, ki ƙara, har ya yi tauri kamar ɗanyen tumatir. Bakin kuma na kalmashe shi ciki na rufe da ɓoyayyen ɗinkin nan da kika koya mini, a ɗauki nan a ɗauki can, a ja zare ya haɗe.

Kaya kam suna da su. Mai yi miki aikin ne babu. Kalmasar ƙafar wandon Abban Ummi sai da aka karɓi sama da fam 10, aka kuma ce a dawo bayan kwana huɗu. Babu tela mai yawo da keke a kafaɗa yana kaɗa almakashi a ƙofar gida. Almakashina ya dakushe wata biyu ke nan ban sami mai wasawa a kusa ba, kowa cewa yake in sayi sabo, ni kuma na Inna ne, ba zan yar ba.

Idan mai zuwa ya samu bayan Sallah, don Allah ki haɗo mini audugar rimi kamar cikin ledar burodi biyu. Ki sa yara su tsince 'ya'yan tsaf, ba a son shigo da iri, kuma allura tana karo da su. Rabinta na dattijuwar nan ne, na yi mata alkawari. Ki kuma gaya mini kalar da Hajiya ta fi so, nata zan fara yankawa. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki.