Cahors ɗin da na saya don Kirsimeti

Shekara huɗu ke nan ina Tuluz, a kudancin Faransa, giyar inabin da nake saya ba ta wuce ta babban kanti ba. Bana da Kirsimeti na ce bari in fita kunyar baƙi. Na shiga wani shago a unguwarmu, na ce wa mai shagon ina son ja mai ƙarfi, nama za mu ci. Bai ko tambaye ni wane irin nama ba, ya miƙo hannu can katakon sama ya sauko da kwalbar Cahors, giyar wani gari mai wannan suna da ke arewa da Tuluz, wai in na sha da ƙafata zan dawo in yi masa godiya. Mazauna nan sun san abin da katakon sama yake yi wa aljihu.

Da na tsiyaya a kofi sai na ga dalilin da ya sa ake mata kirari da baƙar giya, don ko fitila ka haska ba ka hango yatsanka ta ciki. Inabin Malbec ne, wanda mutane da yawa suke ɗauka na Ajantina ne, alhali daga wannan yanki na Faransa aka kai shi can. A Cahors, bakin kogin Lot, Côt ko Auxerrois suke ce masa, kuma doka ta ce sai ya kai kashi 70 cikin 100 na abin da ke kwalbar kafin a sa mata sunan garin.

To, uwargida ta yi farfesun kayan ciki, attaruhu ya ji, ga kilishin da aka aiko mana daga Maraɗi. Na kai loma, na bi da kurɓi ɗaya. Wayyo! Bakina ya kame kam, harshe ya manne da dasashi, kamar na tauna bagaruwa. Ashe ba ƙarya na ji ba, sinadarin baurin da ke fatar inabin nan dangin wanda majema ke jeme fata da shi ne. Yaji kuma da ya haɗu da baurin da zafin barasar, sai wuta ta tashi daga maƙogwaro har kunne. Baƙona ɗaya ya ajiye kofinsa a hankali ya nemi ruwa. Uwargida ta dube ni ta ce, "Baban yara, wannan ce ta kuɗin nan?" Na rasa bakin magana, na toshe kwalbar na tura ta bayan firji.

Washegari na kai ƙara wurin maƙwabcinmu, wani dattijo mutumin yankin Gers da ke yamma da Tuluz. Dariya ya yi har da hawaye. Ya ce giyar nan maiƙo take so, ba barkono ba, kuma a juye ta a tulun gilashi ta sha iska kamar awa ɗaya kafin a taɓa ta. Da yamma ya shigo da ƙirjin agwagwa, ya tsattsaga fatar, ya gasa shi cikin kitsensa, gishiri kawai. Wallahi kamar an musanya kwalbar. Baurin ya kwanta, kitsen ya tafi da shi, sai ga wani ɗanɗano irin na ɗinya nunanniya, da ɗan ƙamshin hayaƙi a ƙarshe. Na zauna ina ta jujjuya kofi kamar wanda ya san abin da yake yi. Ya ce haka take da cassoulet, wakensu ɗin nan da ake dafawa da agwagwa, da kuma gasasshen rago.

Sai dai ina tuna daren Kirsimeti raina yake sake ɓaci. Tambaya ɗaya tak mai shagon nan zai yi mini, da ban kunyata gaban mutum shida ba. Kuma bai ce mini akwai gari-gari a gindin kwalbar ba, kofin ƙarshe sai da na tofar. Ɗigo biyu da suka faɗa wa farar rigata har yau suna nan bayan wanki uku, haƙora kuwa suka koma kamar na mai cin fure.

Zan sake saye in an yi balangu marar yaji, amma a wani shagon. Godiyar da yake jira, ya ci gaba da jira.