Sakan ko haya a gari? Ga amsata ga ƙannenmu masu shirin zuwa karatu Madina

Duk shekara da zarar sunayen waɗanda Jami'ar Musulunci ta Madina ta ɗauka sun fito sai wayata ta cika da saƙo, wani ƙanin aboki ne wani kuma ko saninsa ban yi ba lambata kawai aka ba shi, kuma tambayar kusan guda ce: "Yaya dan Allah in na zo a sakan zan zauna ko in nemi ɗaki a gari?" To bari in amsa gaba ɗaya kowa ya huta, tunda dai na kwana a sakan, wato ɗakunan kwanan ɗalibai na jami'a, na yi zaman haɗaka da abokai, na kuma kama gidan iyali bayan na yi aure.

Mu fara da lissafi don shi ne ke yanke hukunci ba son rai ba. Ɗalibin minha, wato wanda jami'a ta ɗauki nauyin karatunsa, kuɗin wata da ake ba shi, wato mukafa'a, wajen Riyal 840 ne a ɓangaren ilimin addini da Larabci. Riyal kuma a ɗaure yake da dala, 3.75 ne dala ɗaya, shi ya sa in ka juya shi zuwa naira sai ka ga kamar ka zama Alhaji, 'yan gida ma haka suke gani, amma a nan ɗin kati ne da sabulu da littattafai da ɗan abin da za ka tura wa Inna, kafin 20 ga wata ka fara duba aljihu.

Sakan kyauta ne ga ɗalibin minha wanda ba shi da iyali tare da shi. Ba kuɗin haya, ba na wuta, ba na ruwa, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na aiki dare da rana ba ka tunanin fatura, wato takardar kuɗin wuta, kuma wanda bai taɓa yin Yuli ko Agusta a Madina ba ba zai gane girman wannan ni'imar ba, gari ne da zafi ke haura digiri 45, iskar ma in ta buso kamar an buɗe maka murfin tanda. Ga mat'am na jami'a da abinci mai rahusa, ga asibitin ɗalibai a kusa, ga motocin da ke kai mutane Harami, aji kuma da ƙafa za ka taka. Sannan akwai masu gadi a ƙofa da mushrif, wato mai kula da sakan, da za ka kai wa ƙara in wani abu ya lalace ko wani ya takura maka.

Amma fa sakan gidan haƙuri ne. Ba kai ke zaɓen abokin ɗaki ba galibi, jami'ar nan tun 1961 take tara mutane daga ko'ina a duniya, sai ka tsinci kanka da ɗan Indonesiya da ɗan Tajikistan ko ɗan Somaliya, kowa da tarbiyyarsa. Abokin ɗakina na farko daga ƙasa mai dusar ƙanƙara ya fito, shi in mukayyif bai kai ƙarshe ba to bai yi barci ba, ni kuma ɗan Katsina da bargo biyu ina rawar ɗari a watan da ake mutuwa da zafi a waje, sati uku ina fama da mura da toshewar hanci kafin muka zauna da Larabcinmu na koyo muka sasanta a kan 23. Wallahi a wannan rigimar na koyi Larabcin da ban koya a Ma'ahad, sashen koyon Larabci na jami'a, ba. Kuma gaskiya wannan ita ce ribar sakan da ba a sa mata farashi, dole harshenka ya buɗe don babu mai jin "ina kwana".

Ta fuskar lafiya, abin da ke yawo a sakan shi ne abin da ke yawo duk inda aka tara samari: mura, tari, ƙaiƙayin ƙafa daga banɗakin haɗaka. Silifas na wanka naka kai kaɗai, reza da abin yanke farce naka kai kaɗai, wannan ba rowa ba ce. Bayan Ramadan da bayan Hajji kusan kowa sai ya yi tarin nan da alhazai suka sani, in ya wuce kwanaki ko ya zo da zazzaɓi ka je a duba ka, ka daina haɗiyar maganin da abokin ɗaki ya rage. Su kuma masu ɓoye risho ko hita a ƙarƙashin gado don dafa indomi, ku karanta dokar sakan da kuka sa wa hannu, soket guda an cusa masa butar shayi da dutsen guga da caja huɗu yana iya tayar da gobara a ɗaki.

Sai zaɓi na biyu, wanda shi ne ya fi ruɗar sababbi: mutum huɗu ko biyar 'yan gida su haɗa kuɗi su kama shigga, wato gidan haya a cikin bene. A baki daɗi gare shi, ku tuƙa tuwonku ku kaɗa miyar kuka, ba mai kashe muku fitila ba mai ce muku kun cika surutu. Mu ma mun yi. Mun samu wata mai arha a wani tsohon gini, mai gidan ya bar mana katifu da kujeru muna ta godiya muna cewa mutumin kirki, ashe kyautar da kuɗin cizo ta zo, dare na uku na kunna fitilar waya na ɗaga ɗinkin katifa na ga su jere da ɗigon baƙin kashinsu kamar an watsa barkono. Sai da muka zubar da katifun duka muka biya masu feshi sau biyu, arhar nan dai ta zama ba ta ado. Don haka in za ka duba gida ka ɗaga katifa, ka leƙa bayan kabad, ka kunna kowane mukayyif ka tsaya minti goma ka ji ko yana sanyi, ka dubi tiyon tukunyar gas ko ya tsattsage, ka tambayi maƙwabta ko ruwa na yankewa, sannan ka kalli matattakala ka tambayi kanka in wuta ta tashi ta ina zan fita, don gine-gine da yawa tagoginsu da ƙarfe aka toshe.

Kuɗin kuma ba hayar kaɗai ba ce. A nan haya ta shekara ake yankewa, a biya gaba ɗaya ko kashi biyu, ofishin dillalai na karɓar nasu kashi 2.5 cikin ɗari, wuta halala 18 ce kowane kilowat (halala ɗari ce Riyal ɗaya) kafin a ɗora harajin kashi 15, kuma mukayyif ɗin taga irin na da shan wuta yake kamar me. Ga kuɗin mota kullum zuwa jami'a. Kar ka yarda da yarjejeniyar baka ko ta 'yar takarda, a rubuta ta a Ejar, shafin gwamnati na rajistar haya, da sunanka da lambar iƙamarka, wato katin izinin zama. Sai dai ka sani wanda sunansa ke kan takarda shi ake kamawa, ranar da ɗaya ya kammala ya tafi gida, ɗaya ya ce mukafa'arsa ta ƙare, kai mai gida ya sani. Zumunci da yawa ya mutu a kan faturar wuta, na gani da idona. Ga kuma asarar da ba a lura da ita sai an makara, shekara biyu kana Madina amma Hausa kake yi safe da yamma.

Wani abu da ba a son faɗa: da zarar an ji kana da gida a gari ka zama masaukin dangi. Baƙon Umara mai biza a hannu lafiya lau, alheri ne. Amma wanda bizarsa ta ƙare ya ce zai ɗan fake wajenka zuwa Hajji, ɗan uwa ka ba shi haƙuri ko da kawunka ne, ɓoye wanda ya karya dokar zama tararsa na iya kaiwa Riyal 100,000 ga ɗauri ga kora, karatun ya tafi kenan. Ɗan sakan ya huta da wannan, sai ya ce Kawu ai ba a shiga da baƙo.

Mai iyali shi ba ruwansa da wannan muhawarar, haya ce ta kama shi. Shawarata kawai kar ka bi arha ka kai matarka bayan gari inda ba ta san kowa ba, kai ka fita tun asuba ita tana kallon bango har isha, kaɗaicin nan ciwo ne na gaske. Ka nemi ginin da matan wasu ɗalibai suke ko da ya ɗan fi tsada, kusa da markaz sihhi, wato ƙaramin asibitin unguwa, da kantin magani, ranar da naƙuda ta tashi ƙarfe 2 na dare matar maƙwabcinka ce uwa ita ce yaya. Hausawa kuma ba baƙi ba ne a Hijaz, akwai waɗanda kakanninsu da ƙafa suka zo ta Sudan, har tsirenmu ya zama abincin gari suna ce masa siriya, in ka yi tambaya ba za ka rasa inda ake saida daddawa da kuka ba.

To ni dai in ƙanina ne uwa ɗaya uba ɗaya kuma ba shi da mata, sakan zan ce masa, aƙalla har ya gama Ma'ahad ya yi shekara guda a kulliya, in ya so daga nan ya san gari ya san mutane ya san wanda zai iya haɗa tukunya da shi. Ko ina ka zaɓa dai tun a filin jirgi ka adana lambobin nan a waya: 997 motar asibiti, 998 'yan kwana-kwana, 937 layin ma'aikatar lafiya in kana son tambayar likita. Ka taho da rigar sanyi don Janairun Madina ba wasa ba ne, kuma in za ka kunna hita ko turaren wuta ka bar taga a ɗan buɗe. Soket irin namu ne mai baki uku, cajarka za ta shiga, yaji da kuka kuma a ƙulle su da kyau a leda biyu don na taɓa buɗe akwati na tarar da fararen kayana duk sun koma kore.