Hattara da masu sayar da jabun jitar lantarki da sunan Gibson da Fender

Jama'a, duk mai shirin sayen jitar lantarki, irin mai dunƙulallen jikin katako wadda ba ta da rami a ciki, don Allah ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa kuɗinsa. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan a intanet: su samo jita mai arha, su liƙa mata sunan babban kamfani, su sayar wa wanda ya daɗe yana tara kuɗi yana mafarkin riƙe ta gaske. Abin ya wuce yadda ake zato. A watan Nuwamba na 2024 hukumar kwastam ta Amurka ta sanar da kama jabun Gibson sama da 3,000 a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles da Long Beach, waɗanda da na gaske ne da kuɗinsu ya haura dala miliyan 18. Waɗanda aka kama ke nan. Waɗanda suka tsallake kuwa suna hannun mutane, wasu ma har yau ba su san abin da suke riƙe da shi ba.

Abin da ya sa irin wannan jita ta yi sauƙin kwaikwayo a fili yake. Siffofin da kowa ke so tsofaffi ne, an san awonsu ciki da waje. Telecaster ta Fender ta samu sunanta tun 1951, Les Paul ta Gibson ta fito a 1952, Stratocaster ta biyo a 1954. Injin sassaƙa zai fitar maka da siffar kowace a cikinsu, a fesa fenti mai ƙyalli, a buga tambari a kai. A hoto, musamman ƙaramin hoton waya, ba za ka ga bambanci ba. Shi ya sa duk dabarar ɗan damfara take komawa wuri guda: ya hana ka kwatanta kayansa da na gaske. Yana so ka kwatanta suna da suna, kuɗi da kuɗi, amma ban da jita da jita.

Yadda suke tafiyar da cinikin kusan iri ɗaya ne. Talla za ta fito da hotuna masu kyau, tare da labari mai taɓa zuciya: gado ce ya ci, shi bai iya kaɗawa ba, ko tafiya ce ta kama shi yana neman kuɗi da gaggawa. Wannan "ban san komai a kanta ba" da gangan ake faɗarsa, don in asiri ya tonu ya ce ai shi ma haka ya same ta. Masu wayon cikinsu ba sa karya kuɗin sosai, don sun san arha mai yawa tana sa mutum ya farga. Ragi kaɗan za su yi, daidai wanda zai sa ka ji ka yi tsuntuwa. Da ka nuna sha'awa sai a ce maka wani na kan hanya da kuɗi a hannu, in kana so ka ba da kafin alƙalami yanzu. Daga nan sai a ja ka ku bar shafin da aka yi tallar, a koma hira ta waya, a ce ka biya ta zaɓin da manhajar biyan kuɗi ta ware don tura wa 'yan'uwa da abokai kuɗi, ba na sayen kaya ba, wai don a guje wa cajin kamfani. A PayPal, alal misali, kuɗin da ka tura ta wannan hanya ba ya cikin kariyar mai saye. Wasu ma babu jitar gaba ɗaya, hotunan wani suka kwaso. Ka ɗora hoton a manhajar binciken hoto ta Google, sau da yawa za ka tarar da shi a wata tsohuwar talla ta wata ƙasa. In kana shakka, ka ce ya rubuta ranar yau a takarda ya ajiye kusa da kan jitar ya ɗauka. Mai kaya na gaske ba zai ɗauki wannan a bakin komai ba.

To yanzu ga wanda jitar tana nan, amma sunan da ke kanta ba nata ba ne.

A ɓangaren Gibson aka fi yin ɓarna, kuma a nan alamun suka fi yawa. Fara da kan jitar, wurin da kunnuwan ɗaure tsirkiya suke. Akwai wani ɗan murfi mai siffar ƙararrawa da ke rufe bakin sandar ƙarfen da ke cikin wuya, wadda ake murzawa a daidaita miƙewarsa. A Les Paul ta gaske kusoshi biyu ne ke riƙe da shi, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Jabu da yawa uku suke da shi, kamar yadda ake gani a Epiphone, wato jita mai sauƙin kuɗi ta reshen Gibson. Masu jabun sun gane an gano wannan, wasu sun koma biyu, don haka kada ka tsaya nan, ka ce a kwance murfin. A ƙarƙashinsa Gibson tana da noti mai kusurwa shida da ya fito fili, wanda ake kamawa da ƙaramar sifana mai baki. In ka leƙa ka ga rami mai zurfi da ake zura makulli mai lanƙwasa a ciki, to magana ta ƙare. Wannan alama tana da wuyar ɓoyewa, domin sai an sake wuyan gaba ɗaya.

Juya ta baya ka bi wuyan da ido a wuri mai haske. Gibson ta saba sassaƙa wuya da kai daga katako guda, sai 'yan ƙananan fukafukai da ake mannawa a gefen kan. Masana'antun arha kuwa yanka katakon suke a karkace su manna kan da gam, sai ka ga layin haɗin ya ratsa wuyan a gicciye kusa da sama. Sai ka sauko kan jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a gangar jiki. A yawancin jabu, ginshiƙai biyun da ke ɗauke da shi masu kauri ne, da tsaga a kai ta sa sukundireba. Na Gibson sirara ne, da faifan da ake murzawa da yatsa a ƙasa. Haka fenti: Gibson ta Amurka tana amfani da siririn fentin naitiro, mai ɗan ƙamshi, wanda ke tsufa yana dusashewa tare da katakon. Na jabu kauri gare shi da tauri, ƙyallinsa na roba ne.

Akwai kuma abin da ido ba ya kaiwa sai an kwance. Les Paul irin Standard jikinta katakon mahogani ne, da katakon mafil mai kauri a sama wanda aka sassaƙa ya yi tudu. Zanen da ke jikin wannan katakon na sama, mai walƙiya kamar harshen wuta, wanda ke sa mutane zaucewa, a jabu sau da yawa ɓawon katako ne mai sirin takarda aka shimfiɗa, wani lokaci ma hoto ne aka buga. Cire fikof ɗaya, wato na'urar da ke ɗaukar motsin tsirkiya ta mayar da shi sauti, ka leƙa bangon ramin. A nan za ka ga kaurin katakon sama da idonka. Wani matashi ya taɓa kawo mini tasa in duba masa abin da ya sa take ƙara, yana ta murna ya samu ta gaske a hannun wani mai gaggawa. Da muka buɗe murfin baya, sai ga 'yan mitsi-mitsin maɓallan ƙara sauti, da siraran wayoyi a cukurkuɗe, dalma an ɗiga ta ko'ina, ga garin katako ba a ko share ba. Bai ce komai ba, ya dai zauna. Ba sai na yi masa bayani ba.

Kada lambar da aka buga a bayan kai ta ruɗe ka. Gaskiya ne tsarin da Gibson ta fara a 1977 yana da ma'ana, lamba ta farko da ta biyar su ke nuna shekara, ukun da ke tsakaninsu kuma ranar shekarar. Amma wanda ya iya kwaikwayon jita sukutum, kwafar lamba daga hoton wata ta gaske ba zai gagare shi ba. Lamba tana iya tona ƙarya, misali in shekarar da ta nuna ba a yin wannan samfurin a lokacin. Ba ta iya tabbatar da gaskiya ita kaɗai. Haka takardar shaida da akwati, duk ana buga na bogi.

Matsalar Fender daban ce, kuma a ganina ta fi wuyar kamawa. Wuyan Stratocaster da Telecaster ba manna shi ake da gam ba kamar na Gibson, kusoshi ne ke riƙe da shi, yawanci huɗu. Wannan abin alheri ne ga mai gyara, amma ya buɗe wa macuta ƙofa. Mutum zai samo wuyan Fender na gaske, mai lamba ta gaske, ya ɗaura a jikin da ba a san asalinsa ba, ya cusa fikof mafi arha, ya sayar a matsayin cikakkiyar 'yar Amurka. Wani kuma Squier, wato jita mai sauƙin kuɗi ta reshen Fender, zai ɗauka ya kankare sunan ya liƙa na Fender. Haɗa jita daga sassa daban-daban ba laifi ba ne, makaɗa da yawa suna yi. Laifin shi ne a ɓoye maka. Don haka ka nemi a kwance wuyan ka ga hatimi da kwanan watan da ake bugawa a gindinsa da cikin gurbin da yake zama. Ka nemi a ɗaga farantin gaba ka ga bayan fikof da maɓallan. Maɓallan kamfanin CTS, waɗanda ake yawan samu a na Amurka, suna ɗauke da lamba mai farawa da 137, sai shekara da mako. In wuya ya ce wata shekara, maɓallai suka ce wata mai nisa, to akwai tambayar da mai kaya zai amsa. Ka kuma san cewa Fender tana ƙera jita a Corona ta jihar Kalifoniya, tana kuma ƙerawa a Ensenada ta Meziko. Duka na gaske ne, amma darajarsu a kasuwa ba ɗaya ba ce, kuma akwai masu sayar da ta Meziko da sunan ta Amurka.

Duk wannan ba zai yi maka amfani sosai ba in ba ka taɓa riƙe ta gaske ba. Shi ya sa nake cewa kwatantawa kafin saye ba don zaɓen wadda ta fi daɗi kaɗai ba ce, ita ce garkuwarka. Ka je wurin dillalin da kamfani ya amince da shi, ko wurin wani makaɗi da ka yarda da shi, ka rataya Les Paul a kafaɗa ka ji nauyinta, sau da yawa tana kai kilo 4 ko fiye. Ka ɗauki Stratocaster ka ji yadda ta fi sauƙi kuma ta kwanta a jiki. Tsawon tsirkiya daga sama zuwa jaki a Fender inci 25.5 ne, a Gibson inci 24.75, kuma yatsunka za su ji wannan ɗan bambancin, domin ta Fender ta fi ɗaurewa. Ka saurari fikof mai naɗin waya ɗaya a cikinsa, mai sauti garau amma da ɗan gunji a ƙasa, sannan mai naɗi biyu, wanda ke kashe gunjin ya ba da murya mai kauri. Ka yi wannan duka a amfilifaya ɗaya, wato na'urar da ke ƙara wa jita sauti, da waya ɗaya, ba tare da an taɓa saitin ba. Wanda kunnensa da hannunsa suka san wannan, da wuya a yi masa cinikin biri a sama.

Bidiyo kuwa kada ka ba shi muhimmanci. Ƙwararren makaɗi da amfilifaya mai kyau zai sa kowace jita ta yi daɗi, kuma ba ka da tabbacin sautin da kake ji daga ita ya fito.

Wata cutar kuma, jitar ta gaske ce amma an ɓoye aibinta. Kan Gibson a karkace yake zuwa baya, wurin kuma siriri ne saboda ramin sandar ƙarfe, shi ya sa faɗuwa ɗaya kan karya shi. Gyara mai kyau yana riƙewa shekara da shekaru, amma yana rage darajar kaya sosai, don haka wasu ke fesa fenti mai duhu a wurin su yi shiru. In ka ga bayan wuya ya yi duhu daidai ƙasan kai alhali sauran da haske, ka tambaya. Fitila mai hasken shuɗi, irin ta gane jabun takardun kuɗi, tana nuna inda sabon fenti ya hau tsoho. Ka kuma sa a ɗan murza sandar ƙarfen a gabanka, ka tabbata tana juyawa, ka hango wuyan daga sama zuwa ƙasa ko ya murɗe.

Ni dai ra'ayina, in kuɗinka bai kai ba, ka sayi Epiphone ko Squier da sunanta a goshi. Epiphone mallakar Gibson ce tun 1957, Squier kuma Fender ce ke fitar da jita da sunan tun 1982. Akwai kamfanin da za ka koma wa in an samu matsala, kuma ranar da ka so sayarwa ba ka da abin ɓoyewa. Yamaha da Ibanez ma suna da masu kyau ga mai farawa. Jabu kuwa ba ka san katakon da ke ciki ba, ba ka san ko ya bushe kafin a sassaƙa ba, shagunan kirki kuma ba za su karɓe ta ba.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsu, kada ya goge komai. Ya adana hoton tallar, da duk hirar da suka yi, da shaidar biyan kuɗi, ya ɗauki hotunan alamun da na ambata dalla-dalla. In zai yiwu ya sa mai gyaran jita ya rubuta masa abin da ya gani. Ya kai ƙara ga shafin da aka yi cinikin da kuma banki ko kamfanin da ya biya ta hannunsa ba tare da ɓata lokaci ba, domin ƙorafi yana da wa'adi, kuma macucin zai yi ta ja masa rai da alkawarin mayar da kuɗi har wa'adin ya wuce. Kamfanonin da ake kwaikwayon kayansu ma suna karɓar rahoton jabu. In kuɗin bai dawo ba, kada ya juya ya sayar wa wani da sunan ta gaske don ya fanshe, domin sayar da jabu da sanin jabu ne laifi ne a dokokin ƙasashe da yawa, kuma a wannan karon sunansa ne zai fito a takardar ƙara.