Takobin Sojan Japan: Wanne Ya Kamata Ka Saya?

Mai son ajiye wani abu daga kayan yaƙin Japan na Yaƙin Duniya na Biyu, yawanci takobi yake fara nema. Mu ma tarihin nan ya shafe mu, domin kakanninmu da suka je yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi gaba da gaba da masu rataye da waɗannan takubba a Arakan da kwarin Kaladan. Sai dai kasuwar cike take da jabu, kuma ko a cikin na gaskiyar akwai tazara mai yawa a daraja.

Mafi sauƙin ganewa shi ne Samfurin 95, wanda aka fito da shi a 1935 domin saje-saje da sauran ƙananan shugabannin soja. Aikin inji ne tun daga sama har ƙasa. Na farko-farko ƙotarsu ta jan ƙarfe ce, daga baya aka koma alminiyam mai fenti, da yaƙi ya yi tsanani kuma aka koma katako. Akwai lamba a jikin ruwan takobin, akwai wata a bakin kube. In lambobin biyu sun zo ɗaya, takobin bai rabu da kubensa na asali ba, kuɗinsa kuma zai ɗaga. Matsalarsa ita ce yana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya.

Na hafsoshi kuwa, wato Samfurin 94 na 1934 da Samfurin 98 na 1938, a nan ne lissafi yake rikicewa. Hafsa da kuɗin aljihunsa yake sayen takobinsa, saboda haka kube iri ɗaya kan ɓoye abubuwa uku mabambanta. Wani ruwan takobin na masana'anta ne, wani maƙeri ne ya ƙera shi da hannu a lokacin yaƙin da ƙarfen gargajiya na tamahagane, wani kuma tsohon takobin gado ne mai ɗaruruwan shekaru da aka yi wa sabuwar ƙota. Daga waje ba za ka rarrabe ba. Sai an zare ɗan ƙusar gora da ke riƙe da ƙota, an fito da gindin ƙarfen, sannan gaskiya take bayyana. A nan maƙeri yake sa sunansa, sau da yawa har da shekara. Hatimin Seki (wani garin maƙera a Japan) ko na Showa (sunan zamanin sarkin Japan na lokacin) a gindin nan yana nuna ba ta hanyar gargajiya aka yi shi ba. Hatimin tauraro kuwa na maƙeran da rundunar sojan ƙasa ta amince da su ne, aikin hannu. Sama da su akwai takubban da aka ƙera a harabar wurin bautar Yasukuni daga 1933 zuwa 1945, kimanin 8,100 kacal, kuma farashinsu ba na mai farawa ba ne. Duk mai sayarwar da ya ƙi turo maka hoton gindin nan, ka bar masa kayansa. Kuma don Allah in ka saya, kada ka kankare tsatsar wurin, da ita masana suke kimanta shekarun takobi.

Na sojan ruwa, Samfurin 97, yana da baƙin kube da maratayi biyu, kuma da yawansu an yi su da ƙarfen da ba ya tsatsa saboda gishirin teku. Yana da kyan gani, amma irin wannan ƙarfe ba ya burge masu neman aikin maƙera.

A ganina, mai neman tarihi ya sayi Samfurin 98 mai hatimin Seki daga dillalin da ya faɗi gaskiyar abin da yake sayarwa. Mai neman fasahar ƙira kuwa ya daure ya tara kuɗi, ya sayi wanda ke da takardar shaida ta NBTHK, ƙungiyar da aka kafa a Japan a 1948 domin adana takubba, ko da ta matakin farko ce, wato Hozon. Labarin cewa daga hannun wani janar aka ƙwato shi, kada ya sa ka ƙara ko sisi. Tuntun takobi mai nuna muƙami (ruwan ƙasa da shuɗi na laftanar da kyaftin, ruwan ƙasa da ja na manjo zuwa kanar) abu ne da kowa zai iya kwancewa ya ɗaura wa wani.

Jabu kan tona kansa da zane mai kama da igiyar ruwa da aka fito da shi da asid, da rubutun da ba ya karantuwa ga Bajapane, da naɗin ƙota mai sako-sako.

Bindigar sojan Japan ta Arisaka, ko Samfurin 38 ko 99, ka cire ta daga lissafi, domin dokar makamai ta Najeriya ba ta ɗauke ta kayan ado ba. Ko takobin ma, ka tuntuɓi kwastam kafin ka biya. Tutar da dangi da abokai suka rubuta wa soja sunayensu da fatan alheri kuwa, ba na ba kowa shawarar sayenta. Daga jikin mamata aka ɗauko da yawansu, kuma ƙungiyar Obon Society da ke jihar Oregon a Amurka tana aikin mayar da su ga iyalan masu su.