Kariya, Euphorbia ko Kalanchoe: wace fulawa za ka saya idan ruwa na maka wuya?

Wanda yake sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ba zai iya da fulawar da ke neman ban-ruwa safe da yamma ba. Akwai tsirrai masu tara ruwa a jikinsu, suna shekaru a raye kuma suna fure. Uku daga cikinsu sun fi yawa a wajen masu sayar da fulawa a bakin titi.

Kalanchoe 'yar Madagaska ce. Furenta ƙanana ne a dunƙule, tana fitar da su lokacin sanyi da dare ke tsawo. Tana da kyau a baranda, amma ranar bazara tana ƙona ganyenta, sai a inuwa. Euphorbia milii ma daga can take, ta fi juriya, kusan duk shekara tana fure. Sai dai jikinta ƙaya ne tsantsa, farin ruwanta kuma yana da zafi a ido. Gidan da yara ke guje-guje a tsakar gida, a ajiye ta can gefen katanga.

Ni dai kariya nake ba mutane shawara, wadda masana ke kira Adenium obesum. Tamu ce, tana fitowa da kanta a dajin Sahel tun daga Senegal har Sudan, kuma a tsakiyar rani, lokacin da ta kaɗe ganye, take cika da fure ja-ja mai fari a tsakiya.

Amma ita ma iri uku za ka tarar. Wadda aka shuka daga iri tana da gindi mai kumburi, nan ne rumbun ruwanta, sai dai ba ka da tabbacin launin furen sai ta yi. Wadda aka yanko reshe aka dasa ta fi araha kuma tana saurin fure, amma gindinta siriri ne, sai ta daɗe kafin ya yi kauri. Sai mai aure, irin yadda ake yi wa mangwaro: gindin iri, kan kuma na nau'in da aka inganta, yawanci daga Tailan, mai fure ninki-ninki. Ta fi tsada. Duba mahaɗar da kyau, kada ka karɓi wadda ta tsage ko ta yi baƙi.

Kafin ka biya, danna gindin da ɗan yatsa. In ya yi tauri, lafiya lau. In ya lotsa, ruɓa ta fara, a bar ta ko da rabin kuɗi ne. Leƙa bayan ganye ma, ko akwai farin ƙwaro mai kama da auduga.

Yawan ruwa shi ke kashe kariya, musamman a watan Agusta. Tukunyar ƙasa mai huji a ƙasa, yashi da tsakuwa da gawayi a gauraye da ɗan taki, sannan rana aƙalla awa 6. Kada a ƙara ruwa sai ƙasar ta bushe ƙamas.

Ruwan jikinta guba ne, da shi maharba ke haɗa dafin kibiya. A wanke hannu bayan an yi mata aski, a kuma nisanta ta da awaki.