Wasiƙa daga Birmingham: an gano ciwon kitsen nan

Yaya Hajiya, assalamu alaikum. Ina gaida Alhaji da yara. Kin matsa mini da tambayar gudajin nan da suka fito mini a cinya da damtse tun bayan da al'ada ta ɗauke mini. To, an gano su. Cutar Dercum ce, sunan wani likitan jijiyoyi na Filadelfiya a Amurka da ya yi bayaninta a 1892. Kitse ne ke dunƙulewa a ƙarƙashin fata yana zugi. Ba daji ba ne, alhamdu lillahi, amma har yau ba ta da maganin warkewa, sai dai na rage raɗaɗi. Ta fi kama mata masu jiki, kuma ko an rame zugin ba lalle ya tafi ba.

Kada ki ɗauka da na shiga asibiti aka faɗa mini. Nan Ingila ba a zuwa wurin babban likita kai tsaye. Sai kin bi ta likitan unguwa, wanda suke kira GP, shi ma sai kin kwana da waya a hannu kin buga da ƙarfe 8 na safe, a ba ki minti 10. Shi zai rubuta takarda, ke kuma ki koma gida ki jira wasiƙa. A ƙa'idarsu mako 18 ne iyaka, amma mutane da yawa suna wuce haka. A Kano da kuɗinki a jaka, da safe ki yi hoto, kafin la'asar kina gaban likita. Wannan kam gida ya fi su nesa ba kusa ba.

Inda suka fi mu shi ne naci. Cutar ba ta fitowa a gwajin jini, sai an kore sauran cututtuka ɗaya bayan ɗaya. Likitar da ta gan ni ta bi gudajin da yatsa tana tambayar wanne ya fi zafi, ta zana su a hoton jikin mutum a takarda, kuma duk wanda zan gani gaba yana da bayanin a kwamfuta. Ba wanda ya ce mini sanyi ne ko tsufa.

Maganar kuɗi kuwa, ganin likita ba a biyan ko sisi, ko da yake yawancin masu bizar dogon zama suna zuba fam 1,035 na kowace shekara tun kafin su sa ƙafa a asibiti. Kowane magani da aka rubuta fam 9.90 ne, komai tsadarsa, in mutum ya kai shekara 60 kuma kyauta. Sai dai hannunsu a riƙe yake wajen ba da magani. Farasitamol ƙwaya 16 ne a kwali, kanti ba ya sayar miki fiye da kwali biyu. Maganin jijiya da nake sha sai da takardar likita. Da farko abin ya ba ni haushi, amma in na tuna yadda yaron kemis ke danna wa tsofaffi allurar ciwon jiki ba tambayar ƙoda ba ta olsa, sai in yi shiru.

Abin da babu a nan shi ne hannu. Ranar da jikin ya motsa, ba mai ɗora miki ruwan zafi, ba 'yar maƙwabta da za ta share miki ɗaki. Mai gashin ƙashi takardar motsa jiki ta miƙo mini.

Don Allah Yaya, Gwaggo da take kukan irin wannan kumburin, kada a bar wanzami ya tsaga mata ko ya yi mata ƙaho a wurin. A kai ta asibitin Malam Aminu Kano likita ya duba, a yi hoto, don ba kowane kumburi ne kitse ba. In an samu mai tahowa ki haɗo ni da man kaɗanya da Aboniki, na shagon nan tsadarsa ta yi yawa.