Mai wuƙa ko aljani: wanne ya fi tsoratarwa?

Tun da aka sake buɗe sinima a Saudiyya a 2018, mu Hausawan Jidda muke musu kan finafinan ban tsoro iri biyu. Na Amurka: makashi mai rufe fuska, mota ta ƙi tashi, yarinya ɗaya ta tsira. Ka zabura, ka fito, shi ke nan.

Na aljanu, irin na Turkiyya da Indunusiya, ba ya gaggawa. Kango, ƙofa na motsi ita kaɗai, muryar yarinya ta koma ta ƙato, sai malami ya zo da ruƙiyya. Shi na fi so, domin da irin labarinsa muka tashi. Ranar da na kalli ɗaya, sai da na karanta Ayatul Kursiyyu sau uku kafin barci ya ɗauke ni.